Taku Ashirin da Biyu Zuwa Kujerar Koci Audu

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Agusta, shekarar da na cika goma sha ɗaya, na kifa turmin Mama a tsakar gidanmu da ke Barade na hau na zauna, na ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, na ja tsohuwar hular Baba har ta rufe min gira. An kwana ana ruwa, ƙasa duk ta jiƙe, kaji sun takure a gindin rumbu, hayaƙin ɗanyen itace yana fita ta rufin madafa. Yayana Bulus na tsaye a bakin ƙofar gida da jaka a kafaɗa. Na ɗaga hannu, ya taho. Taku ɗaya, biyu, uku, a na bakwai sai kafaɗarsa ta hagu ta ɗan yi ƙasa, kamar mai ɗauke da bokitin ruwa. Na ce, "Koma, an gani." Ya cije leɓe ya koma. Mun yi haka ya fi sau goma kafin Mama ta ƙwala min kira in zo in tace gasara. Abin da muke yi shi ne koya wa gwiwarsa mai ciwo ta yi tafiyar mai lafiya, don kada mai horar da su ƙwallon kwando ya gane. Ni kuwa, Allah ya sani, daɗi nake ji a lokacin, domin ranar ce ta farko da na ba Yaya umarni ya bi.

Mu biyu kawai Mama ta haifa, kuma shekara tara ce tsakanina da Yaya Bulus. Baba manomi ne, gonarsa na can wajen Sunkani, doya da masara da ɗan wake, kuma a wurinsa duk abin da ba a tonawa da fartanya wasa ne. Yaya dogo ne tun yana yaro, irin tsayin da sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Mama. Wani tsohon bokiti da gindinsa ya huje ya samu ya kafa da ƙusa a jikin mangwaron tsakar gida, a nan ya koyi jifa, da farko da ƙwallon tsumma, daga baya da wata tsohuwar ƙwallon kwando da ta suɗe. Aikina shi ne tsinto ƙwallo daga cikin kuɓewar Mama, ni ce kuma mai shan faɗa idan ganye ya karye. Da safe mu ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa, shi jarka biyu ni ɗan galan, in share tsakar gida, in wanke kwanuka, in ruga makaranta da ɗan ƙullin gyaɗa a aljihu. Da yamma in koma gindin mangwaro ina ƙirga masa jifa. Da kulob ɗin garinmu ya ɗauke shi, aka ba shi riga mai lamba da takalmi fari, har ana ba shi alawus a ƙarshen wata, Mama sai da ta yi godiya a coci. Baba dai cewa ya yi mu gani ko ƙwallo za ta cika rumbu.

Mai horar da kulob ɗin shi ne Koci Audu. Daga wani gari aka ɗauko shi aka ba shi aikin, gajere ne mai ɗan tumbi, in ka gan shi a kasuwa ba za ka taɓa cewa ya san hanyar kwando ba. Yana da wata al'ada da duk Jalingo ta sani. Kullum kafin a fara atisaye zai buɗe wata kujerar ƙarfe ya zauna daga cikin ƙofar fili, kowane ɗan wasa sai ya tako daga ƙofa ya wuce ta gabansa shi kaɗai. Ba ya gaisawa, ba ya kallon fuska, ƙafa kawai yake kallo. Wanda ya ga tafiyarsa ta canza ko da ƙanƙani, ranar benci zai ɗumama, ko da shi ne kyaftin, ko da ya yi rantsuwa da kabarin kakansa. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Baki yana ƙarya, ƙafa ba ta yi." Daga ƙofar zuwa kujerar taku ashirin da biyu ne a ƙafar Yaya. Shi ya ƙirga ya gaya min.

A ƙofar gidanmu akwai wata babbar dalbejiya, a gindinta Bappa Hammadu yake facin taya, kuma nan ce majalisar 'yan ƙwallon kwando na unguwa. A lokacin hutu Mama takan aza min farantin dafaffiyar gyaɗa in zauna a wurin, saboda haka duk musun da aka yi a kan Koci Audu a kunnena aka yi shi. Bappa Hammadu ɗan gani-kashe-nin Koci ne. Yakan ce tun da mutumin nan ya zo ba a ƙara zuwa garinmu an yi mana ruwan maki ba, ya koya wa yara tsaron gida har baƙo ya rasa ta inda zai ratsa, ya kuma iya tsinto yaro a lungu ya mai da shi ɗan wasa. Game da kujera kuwa, Bappa ya taso cikin shanu, yakan ce makiyayin kirki da safe yake tsayawa a bakin garke yana kallon fitar dabbobi, daga taku yake gane wadda ba ta kwana lafiya ba. Abokin musunsa shi ne Mista Yakubu, ma'aikacin sakatariya, wanda ke kallon wasannin ƙasar waje a talabijin, don haka yake ganin babu wanda ya kai shi sani. Shi a wurinsa Koci Audu tsohon yayi ne. Abokan hamayya za su zura biyar a jere, shi yana harɗe da hannu ba zai nemi a tsaya a yi shawara ba. Ya tsani jifan nesa mai maki uku kamar an ce haram ne. Yana ajiye gwani a benci saboda tafiyarsa ba ta yi masa ba. Ya kuma fi kowa taurin kai a duniya, shugabannin kulob su yi magana, 'yan kallo su yi ihu, shi ko a jikinsa. Kowa sai ya tofa albarkacin bakinsa, wani ya bi Bappa wani ya bi Mista, har a kira magariba Bappa ya ɗauki butarsa a watse. A kan abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya, cewa mutumin nan ba ya jin maganar kowa. Bappa yana ganin wannan ne ƙarfinsa, Mista yana ganin shi ne zai kai shi ƙasa.

A wannan daminar aka ce wasan ƙarshe na gasa a garinmu za a buga shi, aka kuma ce wani mutum zai zo daga wani babban kulob na kudu musamman don ya ga wasan Yaya Bulus. In ya yi masa, zai tafi da shi. Saura kwana goma sha biyu Baba ya ce shi bai san wannan zance ba, taki na jiran a kai gona, kuma ba shi da wani ɗa namiji sai wannan. Yaya bai iya yi wa Baba musu. Suka tafi Sunkani, a wajen tsallaka wani rafi da ya kawo ruwa, da buhun taki a kansa, ƙafarsa ta zame tsakanin duwatsu biyu, gwiwar hagu ta murɗe. A bayan babur aka dawo da shi. Mai ɗori ya zo ya lalluba ya ce ba karaya, amma a bar ƙafar ta huta wata ɗaya ko biyu. Yaya ya ce wata ɗaya ina, mutumin nan ba zai zo Jalingo sau biyu ba. Baba ya tashi ya fita, ina jin kunyar abin ce ta kama shi. Mama ta ce kada wanda ya fitar da maganar waje, ta dube ni musamman, domin ko Baba yakan ce da Hausarsa, "Wannan yarinya bakinsa ya yi yawa." Daga ranar kullum da sassafe ni ke dafa ruwa, Mama ta gasa masa gwiwar da tsumma, ni kuma in mulke ta da man kaɗanya. Gwiwar ta kumbura sumtum, da zafi kamar ƙosai an tsamo. Aka aika wa Koci cewa zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

Da kumburin ya ɗan saɓe sai matsalar kujera ta taso, kuma wallahi ni na kawo dabarar, ba wanda ya sa ni. Na ce ai na iya kwaikwayon Koci, bari in zauna a turmi ya riƙa tahowa. Muka auna taku ashirin da biyu daga ƙofar gida zuwa gindin mangwaro. Na gano cewa in ya rage tsawon taku, ya kuma rataya jaka a kafaɗar dama, ɗingishin na ɓacewa. Kwana uku muna yi, a na ukun ya taho tiryan-tiryan har gabana ban ga komai ba, na yi tsalle ina tafi. Shi kuwa da ya wuce turmin sai ya dafa mangwaro, gumi na tsiyaya a goshinsa da sanyin safiyar nan. Na gani sarai, amma na ɗauke kai.

Ranar Talata ya koma fili ya wuce ta gaban kujera. Ya ce Koci ya bi shi da ido har ya kai tsakiyar fili. Amma a wajen atisaye jifa daga tsaye kawai ya bar shi ya yi, da aka karanta sunayen waɗanda za su buga ranar Asabar kuma babu Bulus. Kafin la'asar gindin dalbejiya ya kama da wuta. Mista Yakubu har da cire tabarau yana buga benci, yana cewa baƙin ciki ne tsagwaronsa, Koci ba ya son yaron ya tafi babban kulob ya bar shi da tarkace, ga yaro garau kowa ya ga tafiyarsa. Ya tara mutane suka tafi wajen shugabannin kulob, aka kuma ce shugabannin sun gaya wa Koci in aka ci mu Bulus na benci, to ya naɗe kujerarsa ya kama hanya. Har Bappa Hammadu ranar bai iya kare shi ba, sai juya taya yake cikin ruwa yana cewa shi ma bai ga abin da mutumin ya gani ba. Ina zaune a tsakiyarsu da farantina, ni kaɗai na san Koci ne mai gaskiya, amma haushinsa nake ji kamar kowa, domin yana neman ɓata min aikin kwana uku.

Ranar Alhamis da hantsi Mama ta ba ni kunu a jug in kai wa Yaya fili. Ina shiga Koci ya yafito ni. Ya san ni, yakan sayi gyaɗata, yakan kuma tsokane ni da cewa ni zai sa kyaftin in na yi tsawo. Ya tashi daga kujerar ya ce in zauna, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, shi kuma ya tsuguna a gabana. Idanunsa sun yi ja kamar bai samu barci ba.

Ya ce, "Laraba, 'yata. Idona ya gaya min wani abu, mutanen gari sun gaya min wani abu daban, yayanki ma haka. Ke kike gida ɗaya da shi, kuma ke yarinya ce, ba ki da abin ɓoyewa. Ƙafar nan lafiya take?"

Hannuna yana ƙamshin man kaɗanya. Na cusa shi a ƙarƙashin cinyata. Can nesa na hango Yaya riƙe da ƙwallo ya daina jifa yana kallonmu. Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Koci. Jiya ma shi ya ɗebo mana ruwa, jarka biyu." Wannan ƙarin na jarka biyu shi ya fi ci min rai har yau, domin ba a tambaye ni ba, gwaninta ce kawai ta sa ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe yana cewa, "To, na ji. Tsufa ke nan ya fara taɓa min ido." A yammacin nan aka mayar da sunan Yaya, aka yi ta murna a gindin dalbejiya, Mista Yakubu ya sayi gyaɗata duka ya raba wa jama'a.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ranar Asabar fili ya cika har kan katanga, mata da maza, masu ganga da masu kwalaben ruwa suna kaɗawa. Baƙon da ake magana yana zaune a gaba da ɗan littafi a hannu. Yaya ya buga wasan da bai taɓa bugawa ba, duk jifan da ya yi sai ta faɗa, ana ta kiran sunansa, Mista Yakubu na juyawa hagu da dama yana tambayar mutane ko bai faɗa ba. Ni ma ihu nake har muryata ta dushe, na manta da komai. Bayan an dawo hutun rabin lokaci ba da jimawa ba, Yaya ya yi tsalle ya cafko ƙwallo daga jikin allon kwando, ya sauka a kan ƙafar hagu. Na ga gwiwar ta lanƙwashe ta gefen da gwiwa ba ta lanƙwasawa. Bai yi ihu ba, ƙasa kawai yake duka da tafin hannu. Kafin alƙalin wasa ya hura usur Koci Audu ya riga kowa isa, da tumbinsa da komai, ya durƙusa ya ɗora hannu a wurin. Sai ya ɗago kai ya dubi ɓangaren da nake. Ko ni ya kalla ko taron jama'a, har gobe ban sani ba. An ci mu a wasan, baƙon kuma ya rufe littafinsa ya tafi tun kafin a tashi.

A asibiti likita ya ce jijiyar gwiwar ta tsinke, kuma da ma akwai tsohon rauni a wurin, da an bar ta ta huta da ta warke. Maganar nan ta riga mu isowa unguwa. Sai majalisa ta juya kamar waina. Mista Yakubu, wanda ya ja zuga zuwa wajen shugabanni, shi ne ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa mutumin da ke taƙama idonsa na ganin komai ya ɗauki yaro da ciwo ya jefa a wuta don ya tsira da aikinsa. Duk abin da aka taɓa yabonsa da shi aka manta, tsaron gidan, da yaran da ya tsinto, babu mai tunawa. Bappa Hammadu ya daina musu gaba ɗaya. Sau ɗaya kawai na ji ya ce makiyayin da ya bar idonsa ya bi bakin 'yan kasuwa ba shi da wanda zai zarga. Ina nan zaune da farantina, maganar ta zo min iya wuya ta koma. Tsoro nake ji, tsoron Baba, tsoron Mama da ta ce kada in faɗa, tsoron a ce ni na gurgunta yayana. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa ta yi, ina kallonsu kullum a ɗaki an naɗe da bandeji. Kafin wata ya ƙare aka sallami Koci Audu daga aiki, bai kuma kare kansa a gaban kowa ba.

Ana gobe zai bar gari ya zo gidanmu da hantsi da ledar lemo a hannu. Baba ya ƙi fitowa, Yaya ya juya fuska bango ya ce barci yake, ba don yana fushi da shi ba, don ba zai iya haɗa ido da shi ba. Ni kuwa ina jin sallamarsa na shige bayan rumbu na maƙale. Mama ta rasa abin ba shi ya zauna, sai ta kifa masa turmi, turmin nan dai da na zauna a kai. Ina leƙensa ta tsakanin rumbu da katanga. Ya zauna yana jujjuya hularsa, ya ce wa Mama, "Laifina ne, Mama. Na gani da idona, kuma na sa shi." Mama ta fashe da kuka, ita ma ta san abin da ta sani. Da zai fita ya ce a gaida masa Laraba. Taku biyar ne tsakanina da shi, ban fito ba.

Yau Yaya Bulus yana da shagon aski a bakin titi, da mata da 'ya'ya uku, in yana tafiya kafaɗarsa ta hagu tana yin ƙasa a kowane taku, babu kuma jakar da za ta ɓoye. Ni da shi ba mu taɓa tayar da zancen turmi ba. Koci Audu mun ji ya rasu a garinsu shekarun baya, ban taɓa aika masa ko gaisuwa ba. Ni malamar firamare ce a Abbare, kuma abokan aikina suna yi min tsiya saboda kullum da safe ina tsaye a ƙofar makaranta ina kallon ƙafafun yara maimakon fuskokinsu. In na ga wanda takunsa ya canza ba na tambayar ƙanwarsa, gida nake mayar da shi.

Dalbejiyar tana nan, ɗan Bappa Hammadu ne ke faci a gindinta yanzu. Samarin da ke zama a wurin kowa da wayarsa a hannu, musun kociyoyin ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba suke yi, wannan ya iya canji, wancan bai iya ba, babu wanda cikinsu zai haɗu da kocin a kasuwa balle ya ji nauyin abin da ya faɗa. A da wanda muke yanka da baki yana sayen gyaɗa a hannunmu. Kwanakin baya na je duba Mama, na tarar da Mista Yakubu a cikinsu, ya yi ritaya, gashi duk ya yi fari, bakin dai yana nan. Ina wucewa na ji yana ba su labarin wani koci da aka taɓa yi a garin nan, Audu, mai taurin kan da har ya bar duniya bai taɓa jin maganar kowa ba. Na tsaya. Shekara da shekaru maganar na iya wuyana, ranar ta fito da kanta.

Na ce, "Baba Yakubu, ya ji magana sau ɗaya. Tawa ce."

Ya ɗaga tabarau ya dube ni bai gane ba, samarin suka yi dariya suka koma kan wayoyinsu. Na shiga gida na tarar da turmin a jingine a gindin mangwaro, ya tsage, Mama ta daina daka a ciki. Wanda ya kamata ya ji gaskiyar nan ya tambaye ni ita a lokacin da take da amfani.